Yadda ake kai wa kyamara wuta in tazarar ta yi nisa

Mu da muke aikin ɗaukar bidiyo tsakanin Jidda da Makka mun san yadda istiraha take, wato wajen da ake haya don biki ko walima, fili ne mai faɗi, ɓangaren maza nan, na mata can bayan katanga, miksa kuma, na'urar da ke haɗa hotunan kyamarori, dole ka ajiye ta a ɗaki mai mukayyif, wato AC, in ba haka ba zafi ya gama da ita tun kafin Isha. Toh daga ɗakin nan zuwa inda kyamara ta uku zata tsaya sai kaga mita 50, wani lokacin har 80. Hoto zai iso lafiya ta wayar SDI, wutar ce ke bada ciwon kai. Ni farkon shigata harkar, a wata walimar saukar Alƙur'ani ta yaran mutanenmu, waya na siyo mita 50 na yanke bakin adafta na jona, nace ai waya waya ce. Kyamara ta kama ina ta murna, ana fara karatu yaron da ke kanta ya taɓa zum, sai ɗif. A kunna ta kama, a taɓa ta mutu. Wallahi ranar na sha kunya gaban dattawa, har wani baba yana tambayata ko wayar tawa ce mai iska. Ba iska ba aljani, lissafi ne ban yi ba.

Abin da ya faru kamar ruwan wayit ne, wato tankar mota mai kawo ruwa, in aka ja shi da dogon tiyo siriri zuwa tankin saman bene, a bakin mota yana feshi, can ƙarshe sai ya koma tsiyaya. Wutar bolt 12 haka take, bata da ƙarfin doguwar tafiya. Don haka maganar gaba ɗaya ita ce kada ka ɗora wa 12 tafiyar nesa, ka tura wuta mai bolt da yawa ta yi tafiyar, in ta iso gindin kyamara sai a sauke ta. Ga yadda nake bi.

Da farko ka san abin da kyamararka take ci. Juya ta ka duba rubutun da ke ƙasanta ko jikin adaftarta, abu biyu kake nema, wat nawa take ci, kuma daga bolt nawa zuwa nawa take karɓa. Manyan kyamarori masu bakin XLR mai fil huɗu da yawansu daga wajen 11 zuwa 17 suke karɓa, saboda an yi su ne don batirin V-mount wanda in ya cika yake kaiwa 16.8. Ƙananan kuma masu ɗan bakin zagaye wasu 12 cif suke so, masu cin batirin NP-F kuma wajen 7.2 zuwa 8.4 ne, ka basu 12 kai tsaye ka yi asara. Kuma kada ka tsaya a kyamara kaɗai, akwai ƙaramin allo da ka ɗora mata, akwai injin zum na gilashi, akwai ɗan akwatin da ke mayar da HDMI ya zama SDI, akwai jar fitilar da ke nuna wa mai kyamara cewa shi ne a kan allo, duk ka haɗa wat ɗinsu. In ka tara sai ka ƙara kamar kashi 30 cikin ɗari a kai, don lokacin kunnawa da lokacin zum kyamara tana zuƙar wuta fiye da abin da aka rubuta. Raba wat da bolt zai baka amfiya, misali wat 30 a bolt 12 amfiya 2.5 kenan.

Sai awon hanya. Ba da ido ba don Allah, kuma ba miƙaƙƙen layi daga miksa zuwa kyamara ba, ka bi inda wayar zata bi da gaske, jikin katanga, bayan kujeru, saman ƙofa, zagayen wajen da za'a shimfiɗa sufura ta cin abinci. Filin da kake gani mita 30 in ka bi gefe sai ya zama 50. Kuma duk abin da ka samu ka ninka biyu, domin wuta zuwa take ta dawo, waya mita 50 tafiyar mita 100 ce a wajenta. Wannan ninkin shi mutane suka fi mantawa.

Yanzu lissafin, kuma kar ya baka tsoro, da kalkuletar wayarka zaka yi shi a tsaye. Kowace waya tana da turjiya, ana auna ta da om. In wayar jan ƙarfe ce zalla, ka ɗauki 0.0175 ka ninka da tsawon zuwa da dawowa, sannan ka raba da kaurin wayar, wato lambar nan da masu shagon kayan lantarki suke ce wa waya ɗaya da rabi, biyu da rabi, huɗu, shida. Mu gwada da tawa ta ranar walima. Mita 50 ya zama 100, sau 0.0175 ya bada 1.75, a raba da 1.5 ya bada kusan om 1.2. Ninka wannan da amfiya 2.5 sai kaga kusan bolt 3 sun zube a hanya, 12 ta koma 9, kyamarar kuma ƙasa da 11 bata yarda. Abin ma ya fi haka muni, domin kyamara wat ɗinta take nema ko ta halin ƙaƙa, in bolt ya ragu sai ta ƙara jan amfiya, amfiya na ƙaruwa asarar hanya na ƙaruwa, bolt ya sake faɗuwa, haka zasu yi ta jan juna ƙasa har ta mutu. Tana mutuwa jan ya tsaya, wuta ta koma 12, ta sake kamawa, ta sake mutuwa. Shi yasa zaka sa mitar gwaji a bakin wayar kafin ka jona kaga 12 cif ka rantse lafiya lau, alhali ba komai ka auna ba, sai da kaya a kai awo yake zama awo.

Wani zai ce to a ƙara kaurin waya mana. Eh ana yi, amma duba. A wannan mita 50 ɗin, biyu da rabi zata zubar da 1.75, saura 10 da ɗan wani abu, bai isa ba. Huɗu zata zubar da 1.1, kana bakin rami. Sai ka kai shida kafin ta ɗan haura 11, kuma jan ƙarfen da ke cikin waya shida mai wannan tsawon shi kaɗai ya haura kilo 5 banda roba, ga tsada, ga taurin naɗewa ƙarfe uku na dare kowa ya gaji. Ka ƙara da zafin garin nan, turjiyar jan ƙarfe tana hawa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a duk digiri ɗaya, wayar da ta wuni a kan kwalta a Makka ta kai digiri 60 turjiyarta ta ƙaru da wajen kashi 16 a kan lissafin takarda. Ni dai ƙa'idata in ya wuce mita 10 zuwa 15 bana tura 12.

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ita nake bi a aiki takwas cikin goma, ita ce ka ja wutar bango kanta zuwa gindin kyamara, adafta ta zauna can a ƙafar kyamarar da guntuwar wayarta ta asali. Kyamara mai wat 30 a wutar 220 ko rabin amfiya bata ja, don haka waya ɗaya da rabi mai ƙwaya uku ko mita 100 ce asarar bata kai bolt ɗaya ba. Amma akwai sharuɗɗa. Na ɗaya, duk kyamarori da miksa da na'urar sauti su sha daga wuri guda, wato ka kafa tawsilarka babba, soket ɗin ja mai gurabe da yawa, a ɗakin miksa, ka sa UPS mai riƙe wuta in an ɗauke a gabanta, daga nan kowace waya ta fita. Kada kaga soket kusa da kyamara ka ce ai ga banza ta faɗi, soket ɗin nan wataƙila layin mukayyif ne ko na firjin kicin, kuma in kyamara ta sha wani layi miksa ta sha wani, wayar hoton da ta haɗa su sai ta zama hanyar da bambancin ke bi, ka ji gurnani a sauti ko hoto yana ƙyaftawa. In ka ji gurnanin kada ka kuskura ka karya fil na uku na fulogi kamar yadda wasu ke yi, wannan fil ɗin shi ne ke tsakanin yaronka da lahira, a ɓangaren sauti ake gyarawa da ɗan akwatin raba ƙasa. Na biyu, ka sa abin katse wuta mai jin yoyo, na miliamfiya 30, a farkon layin, domin istiraha akwai ciyawa da ake bawa ruwa, akwai yara ba takalmi, akwai shayi da ke zubewa. Na uku, in wayar a kan gangar naɗi take ka warware ta duka, naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa.

Sai maganar tsofaffin gine-gine, wannan namu ne na Saudiyya. Tun 2010 hukuma ta yanke a koma 230 da 400, sabbin gine-gine haka suke, amma tsofaffin gidaje da wasu wuraren taro har yanzu zaka tarar da soket na 127 da na 220 a ɗaki ɗaya, wani lokacin kamarsu ɗaya sak. Yawancin adaftocin kyamara an rubuta musu 100 zuwa 240 don haka basu damu ba, amma UPS ɗinka ya damu, ka auna kafin ka jona. Kuma a tsohon tsarin, 220 ɗin daga layi biyu masu rai ake ɗauko ta, ma'ana duk wayoyin biyu suna da wuta, kashe makunnin bango bai isa ka taɓa ba. Ka nemi haris, wato mai gadin wajen, ya nuna maka allon fiyus na wajen, ka san wane makunni ne naka, in ya faɗi cikin duhu kasan inda zaka nufa. Wutar nan kuma mai bugu 60 ce ba 50 irin ta Najeriya ko Sudan ba, wanda ya zo da kyamararsa daga gida ya gyara shata, wato saurin buɗe idon kyamara, zuwa 1/60 in yaga fitilu suna rawa a hoto, wannan ba laifin waya bane.

Babban abokin gabar wannan hanya kuwa mai gahawa ne. Yana ganin tawsila a ƙasa da gurbi a buɗe zai soka butarsa mai wat 2000, fulogin nan mai fil uku fiyus ɗinsa amfiya 13 ne, ya haɗu da kayanka sai komai ya ɗauke ana tsakar shigowar ango. Duk gurbin da baka amfani da shi ka liƙe shi da salatif, ka ɗaure tawsilar a ƙafar kyamara ba a ƙasa ba.

Akwai wuraren da bazaka so jan wutar bango ta cikin mutane ba, ko mai wajen ya hana. Nan sai hanya ta biyu, ka tura wutar DC, irin ta batir da adafta, amma mai bolt da yawa. In tazarar matsakaiciya ce kuma kyamarar mai karɓar 11 zuwa 17 ce, ka samu na'urar bada wuta mai bolt 15, irin mai ɗan sukurun da ake murɗawa a daidaita. Da 15 a waya biyu da rabi mita 50, kyamara mai wat 30 zata samu wajen 13.4, lafiya ƙalau. Abin lura shi ne lokacin da kyamara bata jan komai cikakken bolt ɗin ne ke isa bakinta, don haka kada ka taɓa murɗawa ya wuce iyakar da aka rubuta mata da sunan ai hanya zata cinye. In kuma tazarar ta kai mita 100 to 48 zaka tura, a gindin kyamara ka sa ɗan akwatin da ke sauke 48 zuwa 12, ka nemi wanda aka rubuta yana karɓar 36 zuwa 72 kuma wat ɗinsa ya ninka buƙatarka. Dubi bambancin, wat 30 ɗin nan a 48 amfiya 0.7 ne kacal har da abin da akwatin ke ci, waya ɗaya da rabi mita 100 asararta wajen bolt 1.6 ce kawai, ko a jikin akwatin.

Wajen haɗawa, XLR mai fil huɗu fil na 1 shi ne mainus, na 4 shi ne fulos, na 2 da na 3 ka bar su. Masu ɗan bakin zagaye yawanci tsakiya ne fulos amma ka duba zanen jikin kyamarar, kuma akwai mai ramin 2.1 akwai mai 2.5, in ka saka wanda bai zauna daram ba ana motsa kyamara zata ɗauke. Ka sa fiyus a farkon layin, can wajen na'urar bada wuta, ba a ƙarshe ba, domin in mota ta taka wayar ta haɗe a tsakiya fiyus na farko ne zai cece ka. Layin 48 kuma kada ka sa masa baki irin na layin 12, ka nemi wani irin baki daban wanda ko da gangan bazai shiga kyamara ba, ka naɗa masa jan salatif. Yaran da ke taya mu aiki masu kirki ne amma a gaggauce duk abin da ya shiga rami sokawa suke. Af, kuma 48 ɗin da ke jikin miksar sauti ta makirfo ce, 'yan miliamfiya ne, bata ɗaukar kyamara, an taɓa tambayata.

Hanya ta uku ita ce PoE, wuta ta cikin wayar intanet, wadda kyamarorin nan masu juya kansu da ake sakawa a masallatai da ɗakunan darasi suke amfani da ita. Asali dabarar ɗaya ce, wajen 48 zuwa sama ake turawa a sauke a ciki. Ajinta uku, ta farko tana fitar da wat 15.4 abin da ke isa 12.95, mai alamar fulos 30 abin da ke isa 25.5, sai babbar mai 60 ko 90. Ka duba ajin da kyamararka ke so, sannan ka duba jimillar wat ɗin da suwic ɗin, akwatin da wayoyin intanet ke fitowa daga shi, zai iya bayarwa, don zaka ga mai baki takwas amma kyamara huɗu sun ƙarar da ƙarfinsa. Iyakarta mita 100 ce, a nan babu ciniki. Wasu kyamarorin situdiyo na Blackmagic ma haka suke, wayar Cat6A guda ɗaya ta ɗauki hoto da magana da wuta daga akwatinsu. Gidajen talabijin da masu ɗaukar ƙwallo kuma tasu daban ce, kebul ɗin SMPTE mai faiba biyu da wayoyin wuta a riga ɗaya, yana iya kai kilomita biyu, amma wannan haya ake yi ba siya ba a matakinmu, kuma wutar cikinsa ba ta wasa bace.

Duk hanyar da ka zaɓa, ka kiyayi wayar bogi. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, a ido bazaka gane ba, turjiyarta ta ninka ta gaske kusan sau ɗaya da rabi, duk lissafin da muka yi sai ya rushe. Ni an taɓa sayar min da kwali guda na wayar intanet a wani shago, arha ta ja ni, kyamara ta yi ta mutuwa a mita 70 na wuni ina zargin suwic. Tun a shagon ka fere ƙwaya ɗaya ka kankare ta da wuƙa, in cikin fari ne ajiye musu kayansu, kuma kwalin ma zaka ji bashi da nauyi. In ka isa gida ka murɗe ƙwaya biyu a ƙarshe ɗaya ka auna om a ɗaya ƙarshen, wayar wuta ka gwada da lissafinka, ta intanet kuma mita 100 ta gaskiya wajen 14 zuwa 19 zaka gani, in ta doshi 25 akwai magana. Haka kayan gwanjo na kasuwar Haraj Sawarikh ta Jidda, ana samun alheri sosai amma komai sai an auna.

Batir fa? Shi ne mai gadi. V-mount mai wat-awa 98 zai riƙe kyamara mai wat 30 wajen awa uku, bikin Jidda kuma bayan Isha yake farawa ya kai biyu ko uku na dare, na mata ma ya fi haka, don haka shi kaɗai bazai kai ka ba sai da canji. Amma in ka bar shi a jikin kyamara tare da wayar wuta, da yawansu suna komawa kansa da kansu in wuta ta ɗauke. Kada ka yarda da wannan sai ka gwada, kana cikin ɗauka ka zare wayar kaga ko hoto zai yanke, wasu suna yin ɗan ƙyaftawa wasu basa yi.

Shimfiɗa waya kuma ka yi ta da la'asar kafin mutane. Bi gefen katanga, inda zata tsallake ƙofa ka bi da ita ta sama ko ka danne da salatif mai faɗi ka ɗora darduma, inda mota ke wucewa ka sa robar tsallake. Duk mahaɗa ka ɗaga ta daga ƙasa, kuma ka rage yawansu, kowace mahaɗa turjiya ce ƙari. A gindin kyamara ka ɗaure wayar a ƙafa ka bar ɗan rara, in wani ya yi tuntuɓe ƙafar ce zata ji ba bakin kyamara ba. Ɓangaren mata shi zaka fara gamawa ka fi tsananta masa, domin da zarar sun fara shigowa kai da wajen sai gobe, 'yan uwa mata masu ɗaukar can su zasu ji da komai. Ka nuna wa hajiyar da ke shugabantarsu wace waya ce ta wuta, ina fiyus yake, ka bar mata batir biyu cikakku da tawsila ta ajiya.

In an gama shimfiɗa sai gwaji na gaske. Kunna komai lokaci guda, allo, zum, ɗauka, ka sa haris ya kunna mukayyif da fitilun wajen duka kamar yadda zasu kasance da dare, sannan ka je gindin kowace kyamara da mitar gwaji ka auna bolt tana cikin aiki. Mai karɓar 11 zuwa 17 ina so naga 12.5 zuwa sama, in naga 11.5 bana barinta haka. Ka bar su a kunne rabin awa, ka dawo ka shafa kowane fulogi da mahaɗa da bayan hannu, wanda ka ji ya yi ɗumi sosai akwai sako-sako a cikinsa, canza shi kafin a kira Magariba.